Kushewa, Kabari da Hubbare: Camfi da Magani a Tsofaffin Maƙabartun Ƙasar Hausa

Wannan maƙala za ta dubi yadda Bahaushe ya ɗauki makwancin magabatansa, ta la'akari da Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina. Sunan wurin kansa abin nazari ne. Kusheyi jam'in kushewa ne, kalmar da ta girmi kabari da maƙabarta, waɗanda aka aro daga Larabci. Ita kuwa hubbare ta biyo ta Fillanci ne daga ƙubba ta Larabci, kuma ba kowane mamaci ake gina wa ita ba.

A Durɓi akwai tuddai na ƙasa waɗanda tarihin baka ya ce sarakunan Durɓawa ne ke kwance a ƙarƙashinsu, wato zuriyar Kumayau, wadda mulki ya fita daga hannunta lokacin da Korau ya kashe Sanau. H. R. Palmer ya tona wasu a 1907, aka sake tono a 1992. An sami kayan ado na zinariya da warwaron hauren giwa da tasa ta ƙarfe mai kama da aikin Masar, abin da ke nuna cewa masu wurin suna da hannu a fataucin Sahara. Ashe ke nan abin da tsofaffi suka riƙe, cewa ba talakawa ne a kwance a can ba, ba tatsuniya ba ce.

Babban abin lura shi ne ƙasar kabari, domin fuska biyu gare ta. Wadda boka ya sa a ɗebo cikin dare, tare da ƙyallen likkafani, ta sammu ce, kuma mai ɗibarta ɓoyewa yake yi. Amma wadda masu ziyara suka riƙa ɗiba a Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (ya rasu 1817) ta tabarruki ce: a jiƙa a sha, ko a shafa wa majinyaci. A ganina ba daga ƙasar bambancin ya taso ba, daga matsayin mamacin ne da niyyar mai ɗiba.

Bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azi ya tsananta a kan tabarruki da kaburbura, har ya kasance wanda ya san irin waɗannan al'adu yakan yi nauyin baki idan manazarci ya tambaye shi. Tudu dai ana iya tona shi bayan shekara ɗari. Tsohuwar da ta san abin da ake faɗa a gindinsa kuwa ba ta jiran kowa.