Tarihin zaren da jiki ke cinyewa

Mai karatu, ka san baduku ba ya ɗinka taiki da zaren riga. Haka shi ma likitan fiɗa yake zaɓen zarensa. Sai dai wahalarsa ta fi ta baduku, don wani ɗinkin can cikin cikin mutum yake yinsa, inda ba mai komawa ya kwance zaren.

Ɗinkin rauni tsohon abu ne. Wata takardar Masar da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa ta yi zancensa. A Indiya kuwa, in hanji ya yage, sai a kawo manyan tururuwa su ciji bakin raunin, a tsinke jikinsu, a bar kawunan suna riƙe da shi.

Daga baya aka yi wani babban likita Musulmi a Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu a 1013. Shi yakan yi ɗinkin ciki da zaren hanjin dabba. Ga amfaninsa: nama ne, jiki yakan cinye shi sannu a hankali. Ga kuma aibinsa: yakan shiga da ƙwayoyin cuta, rauni ya ruɓe. Sai a 1869 wani likitan Ingila, Joseph Lister, ya nuna in an jiƙa zaren cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta, ruɓa takan ragu. A 1881 ya ƙara dabara, ya jeme shi kamar yadda majemi ke jemar fata, don ya daɗe bai narke ba.

Duk da haka zaren hanji ba shi da alkawari. A jikin wani ya daɗe, a jikin wani ya saki da wuri. Shi ya sa aka ƙera na masana'anta, wanda ruwan jiki ke narkarwa a kan lokaci sananne: Dexon a 1970, Vicryl a 1974.

To, ga inda zaɓen zare ya zama babbar magana. Dā, in za a cire wa mace mahaifa saboda ƙari ko yawan zubar jini, sau da yawa sai an tsaga cikinta. A 1988 wani likitan Amurka, Harry Reich, ya yi aikin ta ƴan ƙananan ƙofofi. Akan huda uku ko huɗu, kowace ba ta wuce faɗin yatsa ba. A zura madubi mai fitila ta ɗaya, dogayen kayan aiki ta sauran. Mahaifar ta fito ta hanyar haihuwa, sannan a ɗinke saman hanyar daga ciki.

Wannan wuri ba ya saurin warkewa, musamman da yake akan ƙona jijiyoyin jininsa da lantarki don tsai da jini. In zare ya saki kafin nama ya kama, ɗinkin na iya buɗewa, har hanji ya sauko. Ba safai ake ganin haka ba, amma in ya auku, sai an koma asibiti da gaggawa. Don haka likita yakan yi lissafi. Vicryl, bayan mako 3, rabin ƙarfinsa ya tafi, kafin kwana 70 ya ɓace. Wani zare mai suna PDS yakan kai wata 6. Ƙulla zare da dogayen ƙarafa kuma aiki ne mai wuya, sai aka fito da zare mai ƴan ƙayoyi kamar ƙarangiya, irin V-Loc na 2009. Yana shiga, ba ya komawa baya, ba ya bukatar ƙulli. Amma dole a datse wutsiyarsa sosai, kada ta kama hanji.

Ƙofofin waje kan rufe cikin ƴan kwanaki, nan ne mutane ke ruɗuwa. Maigida, in an yi wa iyalinka wannan aiki, kada ka duba fatar ciki ka ce ta warke. Can ciki zare ne ke riƙe da ita. Likitoci kan hana ɗaukar kaya mai nauyi da kwanciyar aure aƙalla mako 6, wasu su ƙara. Daka da jan guga duk suna cikin aikin nauyi, sai a samo mai kama mata.