Wutar Sola da Dokar Lantarki ta 2023: Abin da Ya Kamata Mazauna Mile 2 da Agege Su Sani

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin duk mai sana'ar da ke dogaro da janareta ya sauya. Litar man da ake saya ƙasa da Naira 200 ta kusa kai Naira 500 a Legas cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000 a sassa da dama na ƙasar. Wannan ne ya sa teloli da masu aski da masu sayar da ruwan sanyi da masu cajin waya a Mile 2, Agege, Alaba Rago, Idi-Araba da Mile 12, inda Hausawa ke da yawa, suka fara tambayar ko wutar sola za ta fisshe su. Amsar tana da alaƙa da dokoki da shirye-shiryen da gwamnati ta tsara a 'yan shekarun nan.

Inda wutar Najeriya ke fitowa

Tashoshin da ke haɗe da babban layin lantarki na ƙasa suna da ƙarfin da ya kai kimanin megawat 13,000 a rubuce, amma abin da ke isa ga jama'a a mafi yawan ranaku yana tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. Kaso mafi tsoka na fitowa daga tashoshin iskar gas, irin su Egbin da ke Ikorodu mai ƙarfin megawat 1,320. Ragowar kuma daga madatsun ruwa ne: Kainji mai megawat 760, Jebba mai 578, Shiroro mai 600 da Zungeru mai 700, dukkansu a Jihar Neja ko kan iyakarta. Wutar ruwa ita ce makamashi mai sabuntuwa mafi girma da ƙasar ke amfani da shi a yau.

A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar babban layi. Waɗanda ke da ita ma ba kullum suke ganin ta ba. Tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a watan Nuwamba 2013, Legas ta kasu gida biyu: Mile 2, Festac, Ojo da Apapa suna hannun kamfanin Eko, yayin da Agege da Mile 12 ke hannun kamfanin Ikeja.

Masu amfani da wuta kuma an kasa su rukuni biyar gwargwadon awoyin da aka yi musu alkawari a rana. Rukunin A awa 20 ne aƙalla, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilu 2024 Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta ɗaga farashin rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a rage shi kaɗan. Saboda haka masu neman sola sun zama iri biyu: waɗanda ba sa samun wuta, da waɗanda ke samu amma kuɗinta ya fi ƙarfinsu.

Abin da doka ta sauya

A watan Maris 2023 tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran kundin tsarin mulki da ya bai wa jihohi damar yin doka kan samar da wuta da dakonta da rarraba ta, har a yankunan da babban layi ya ratsa. A watan Yuni na wannan shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu kan Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 2005.

Abubuwa uku a dokar sun fi shafar talaka. Na farko, duk jihar da ta yi tata dokar ta kuma kafa hukumarta, za ta karɓi ragamar kula da kasuwar wuta a cikin iyakokinta daga hannun NERC. Na biyu, mutum ko kamfani na iya samar da wutar da ba ta wuce megawat 1 ba a wuri guda, ko rarraba wadda ba ta wuce kilowat 100 ba, ba tare da lasisi ba. Ma'ana, mai gida ko ƙungiyar 'yan kasuwa ba sa buƙatar lasisin samar da wuta kafin su ɗora farantan sola a kan rufi. Na uku, dokar ta ɗora wa hukuma nauyin ƙarfafa amfani da hasken rana da iska da ƙananan madatsun ruwa da tarkacen amfanin gona wajen samar da wuta.

Legas na cikin jihohin da suka yi amfani da wannan dama. A watan Disamba 2024 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu kan Dokar Lantarki ta Jihar Legas, wadda ta kafa hukumar kula da lantarki ta jihar, LASERC. A watan ne NERC ta ba da umarnin miƙa mata ragama, aka kuma kammala a tsakiyar 2025. Don haka mazaunin Mile 2 ko Agege da ke da ƙorafi kan mita ko kuɗin wuta zai fara ne da ofishin kamfanin da ke ba shi wuta, idan bai gamsu ba sai ya ɗaukaka zuwa hukumar jiha.

Burin da gwamnati ta sa a gaba

Manufar ƙasa kan makamashi mai sabuntuwa ta samu amincewa a 2015. Daga cikinta ne aka fitar da burin samar da megawat 30,000 nan da 2030, kashi 30 cikin ɗari daga hanyoyi masu sabuntuwa. A taron sauyin yanayi na Glasgow a watan Nuwamba 2021, Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya kawarwa, kuma a wannan watan ya sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi. Shirin sauya makamashi da aka ƙaddamar a watan Agusta 2022 ya ɗauki iskar gas a matsayin gada da za a bi kafin a kai ga hasken rana da sauran hanyoyi.

Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, REA, ita ce ke aiwatar da mafi yawan ayyukan sola na tarayya, kuma duk da sunanta tana aiki a birane. A ƙarƙashin shirinta na kasuwanni ne aka kai sola shagunan Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda ta sha mummunar gobara a watan Maris 2016, da kuma Kasuwar Iponri a Legas. A ƙarƙashin shirinta na jami'o'i aka buɗe tashar Jami'ar Bayero a watan Satumba 2019, mai ƙarfin megawat 7.1 idan aka haɗa sola da batura da injinan dizal. A watan Afrilu 2021 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da shirin kai sola gidaje miliyan 5 a garin Jangefe na Ƙaramar Hukumar Roni, Jihar Jigawa.

Shiri mafi girma a yanzu shi ne DARES, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba 2023 da rancen Dala miliyan 750, da nufin isa ga mutum miliyan 17.5 da kuma maye gurbin janareta fiye da 280,000. An tsara shi yadda Jihar Legas za ta kasance cikin masu aiwatarwa. Kuɗin ba a hannu ake raba wa jama'a ba. Kamfanonin da suka cancanta ne ake tallafa wa gwargwadon gidaje da shagunan da suka haɗa, domin farashi ya sauko ga mai saye.

Ayyukan da suka tsaya a hanya

Tarihin wannan fanni na ɗauke da darussa. Tashar iska ta Lambar Rimi a Jihar Katsina, mai megawat 10 da injina 37, an faro ta ne tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna. Sace wani injiniya Bafaranshe da ke aikin a watan Disamba 2012 ya tsayar da ita, ta kuma shafe shekaru kafin a kammala kafa injinan. A 2016 kamfanoni 14 sun sa hannu kan yarjejeniyar gina manyan tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,000, akasarinsu a Arewa, amma saɓani kan farashi da lamunin biyan kuɗi ya hana su tashi. Tashar Kumbotso a yankin masana'antu na Challawa a Kano, mai megawat 10, wadda Buhari ya buɗe a watan Janairu 2023, ita ce misalin wadda ta kammala.

Tsaro ma ya shiga cikin lissafi. A watan Oktoba 2024 lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, tare da matsalar da ta biyo baya a layin Ugwuaji zuwa Apir, ya jefa mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, kuma rashin tsaro a yankin ya jinkirta gyara. Wannan ya ƙarfafa hujjar masu cewa kowane gari da kowace kasuwa na buƙatar ƙaramar tasharta wadda ba ta jiran dogon layi.

Ƙananan tashoshin unguwa da kasuwa

Ƙa'idojin da NERC ta fitar a 2016 ta kuma sabunta a 2023 sun tanadi tashoshi iri biyu. Akwai mai zaman kanta, a inda babban layi bai kai ba. Akwai kuma mai haɗe da layi, a inda wuta ke zuwa amma ba ta isa. A wannan ta biyun, kamfanin da zai gina tashar da al'ummar wurin da kamfanin rarraba wuta suna ƙulla yarjejeniya su uku: sola ta ɗauki rana, batura da wutar layi su cike sauran lokaci, mai shago kuma ya biya ta mita. An gwada wannan a Kasuwar Wuse ta Abuja da garin Toto a Jihar Nasarawa. Irinta ce ta fi dacewa da kasuwannin Legas, kuma a nan ne sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa ke da rawar takawa, domin ba a ƙulla yarjejeniyar sai da wakilan da al'umma ta yarda da su.

Lissafin da ya kamata a yi kafin saye

Ranar Legas ba ta kai ta Arewa ƙarfi ba. Hasken da ke sauka kan murabba'in mita guda a rana yana kamawa daga kimanin yunit 3.5 a bakin teku zuwa 7 a can ƙuryar Arewa. Farantin da ya wadatar da shago a Sakkwato zai iya gazawa a Mile 2 a watannin Yuni da Yuli da hadari ke rufe sama.

A ɗauki misalin shago mai fanka ɗaya ta wat 60 da ke aiki awa 10, da ƙwan fitila huɗu masu wat 10 na awa 6, da talabijin mai wat 60 na awa 5. Jimilla wat-awa 1,140 ke nan, wato yunit ɗaya da 'yan kai. Faranti mai wat 400 da ya samu awa huɗu na rana mai kyau zai ba da wat-awa 1,600, idan aka cire kashi ɗaya cikin huɗu da ke salwanta a waya da inbata da batir sai a samu 1,200. Ya isa, amma da ƙyar. Da zarar an ƙara firiji ko dutsen guga, sai an sake lissafi daga farko.

Batir shi ne ya fi tsada kuma ya fi saurin mutuwa. Na lithium ya fi na dalma tsada, amma ya fi shi daɗewa. Kasuwar Alaba ta ƙasa da ƙasa da ke Ojo, a kan hanyar Badagry daga Mile 2, cike take da kayan sola, masu kyau da jabu, har da tsofaffin baturan da aka sake wa fenti. Mai saye ya nemi rasit da takardar garanti, ya kuma ba da aikin haɗawa ga ma'aikacin da ke da shaidar hukumar NEMSA, domin siririyar waya da rashin na'urar yanke wuta na haddasa gobara. Ɗan haya kuma ya samu yardar mai gida a rubuce kafin ya taɓa rufi.

Mataccen batir na dalma guba ne. Arewa ba ta manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara. A 2024 an fitar da ƙa'idojin kula da batura a ƙarƙashin hukumar NESREA, a 2025 kuma an rufe wasu masana'antun narka batir a Ogijo, Jihar Ogun, kusa da Ikorodu. 'Yan gwangwan da ke fasa batir da hannu suna zubar da ruwansa a kwata suna jefa kansu da iyalansu cikin haɗari.

Muhawarar shigo da kaya

Cibiyar nazarin makamashi ta Ember ta nuna cewa a cikin watanni 12 zuwa Yuni 2025 Najeriya ta shigo da farantan sola na kimanin megawat 1,700 daga China, wanda ya sa ta zama ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. A watan Maris 2025 Ministan Kimiyya da Fasaha na lokacin, Uche Nnaji, ya ce gwamnati na shirin hana shigo da su domin ƙarfafa masana'antun gida, irin su ta hukumar NASENI a Karshi da ta kamfanin Auxano a Ibeju-Lekki. Masu sukar shirin sun ce abin da ake haɗawa a gida bai kusa biyan buƙata ba, kuma hanin zai ɗaga farashi a kan masu ƙaramin ƙarfi. Tunda da Dala ake sayo mafi yawan kayan, darajar Naira da harajin kwastan su ne za su ci gaba da yanke farashin da mai shago zai tarar a Alaba.