Yadda ake koya wa ƙaramin yaro kurma saurare da magana

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne ke fama da raunin ji a duniya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na wannan lalura a yara ana iya kauce mata. A ƙasar nan sanƙarau da ƙyanda da shawarar jarirai da ciwon kunnen da aka bari ya daɗe yana zubar da ruwa suna cikin manyan dalilanta, haka nan wasu allurai irin su jentamaisin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, waɗanda ba su taɓa zama da kurma a gida ba. Shi ya sa galibi ake ɓata shekara biyu ko uku ana cewa yaron nauyin baki ne da shi.

Waɗannan shekaru kuwa su ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe. Ƙa'idar da masana ji a Amurka suka shimfiɗa, wadda ƙasashe da dama suka ɗauka, ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Gwarancin farkon watanni yana yaudarar iyaye, domin jariri kurma ma yana yin sa. Bambancin yana bayyana ne bayan wata shida, lokacin da takwarorinsa suka fara haɗa "ba-ba" da "da-da", shi kuwa sai muryarsa ta riƙa ja baya.

Yawancin yaran da ake kira kurame suna da sauran ji, komai ƙanƙantarsa. Na'urar ƙara ji da ake maƙalawa a bayan kunne, ko wadda ake dasawa a can cikin kunne ta hanyar tiyata, tana kai sauti ga ƙwaƙwalwa, amma ba ta gaya wa yaro ma'anarsa. Yaron da aka sa wa na'ura yana da shekara biyu, a fannin ji jariri ne sabon haihuwa, kuma masana suna lissafa shekarun jinsa ne daga ranar da ya fara sa ta. Uban da ya kashe kuɗi mai yawa yana jiran ya ji an ce "Baba" cikin mako guda zai karaya a banza.

Wani masani mai suna Norman Erber ya kasa koyon saurare zuwa matakai huɗu: gane cewa akwai sauti, bambance sauti biyu, sanin mai sautin ko sunansa, sannan fahimtar zance. Matakin farko ba ya buƙatar komai sai abin da ke cikin gida. Idan an ƙwanƙwasa ƙofa, ko an fara daka a turmi, ko zakara ya yi cara, ko ladan ya ɗaga murya, uwa ta dakata da abin da take yi, ta nuna kunnenta, ta ce "Na ji!", sannan ta ɗauki yaron ta kai shi ya ga inda sautin ya fito. Idan ya kai kamar shekara biyu sai a mayar da abin wasa: a ba shi murfin kwalba ko wani abu da ba zai iya haɗiyewa ba ya riƙe kusa da kunne, a buga ganga ko tukunya a bayansa, da ya ji sai ya jefa a kwano. Da farko wani babba ne zai riƙe hannunsa su yi tare. Wannan wasa shi ne ainihin abin da ake yi da yara a ɗakin gwajin ji, don haka yaron da ya iya shi a gida ya sauƙaƙa wa likita aiki.

Akwai kuma gwajin safiya da Daniel Ling, wani malami ɗan Ingila da ya yi aiki a Kanada, ya fito da shi. Sautuka shida ne, daga mai kauri zuwa mai siriri: mm, uu, aa, ii, sh, s. Ana furta su ɗaya bayan ɗaya ba tare da yaron ya ga baki ba, a lura da waɗanda ya waiwaya ko ya maimaita. Duka shida suna cikin Hausa. Idan jiya ya ji "s" yau bai ji ba, to a duba batir, ko daɗɗaurar kunne ta toshe bututun, ko gumi da ƙurar hunturu sun shiga na'urar. Robar da ke shiga kunne ma tana yi wa yaro kaɗan yayin da yake girma, sai na'urar ta riƙa fito, alamar a sake aunawa ke nan.

Daga nan sai a haɗa sauti da abu. Akuya "mee", saniya "muu", mota "pii-pii", abinci mai daɗi "mmm". A fara faɗin sautin kafin a nuna abin, domin kunne ya riga ido aiki. A yi magana a lokacin wanka da sa riga da ba da abinci, da jimloli gajeru cikakku, ana maimaita kalma guda sau da yawa: "Ga ruwa. Ruwa da sanyi. Zuba ruwa." Sannan a yi shiru a jira. Wannan jira shi ya fi yi wa manya wuya, amma da shi yaro ke gane cewa zance karɓa-karɓa ne, kuma duk sautin da ya fitar, ko da "aa" ne, a amsa masa kamar ya yi magana.

Ihu ba ya taimakawa, yana ma lalata surar kalma. Kusanci ne ke taimakawa, domin duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin murya yana raguwa da kimanin desibel 6. A zauna kusa da shi, ƙasa da mita ɗaya, a kashe rediyo da talabijin, a nisanci janareta. Goyo yana kusantar da yaro da muryar uwarsa amma yana ɓoye masa fuskarta, saboda haka a ware lokacin da za a ɗora shi a cinya ana fuskantar juna. Waƙoƙin reno da wasannin tafi suna da muhimmanci na musamman ga ɗan Bahaushe, tunda Hausa harshe ne mai karin sauti: hawa da saukar murya ne kawai ya raba "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Wasan hura kyandir ko balan-balan yana da daɗi, sai dai amfaninsa ga magana bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Ba kowane yaro ne zai yi magana da baki ba, kuma ba kowane gida ne zai iya sayen na'ura da ɗaukar nauyin batir da gyara ba. Hana irin wannan yaro maganar hannu da sunan tilasta masa magana zalunci ne, domin zai tashi ba shi da harshe ko ɗaya. Maganar hannu ta Hausa cikakken harshe ce mai ƙa'idojinta, wadda Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000, kuma yaro yana iya koyonta tare da saurare. Iyayen da ke shakkar jin ɗansu su nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. A Kano kuma makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki tana karɓar yara kurame idan sun isa shiga makaranta.