Daga Kiri zuwa Nailan: Tarihin Ɗaurin Gangunan Dunun

Dunun shi ne sunan da Mandinkawan Gini da Mali suke kiran manyan gangunansu masu baki biyu, waɗanda ke riƙe wa gangar jembe gindin kiɗa. Uku ne: dundunba, babbarsu mai amon ƙasa, sai sangban ta tsakiya, sai kenkeni, ƙaramarsu. Kada a rikita su da dundun ta Yarbawa, wadda 'yar'uwar kalangu ce. A ƙira, sun fi kusa da gangar da Bahaushe ya sani.

Sassaƙar kangon aikin numu ne, wato zuriyar maƙeran Mande, kuma sukan zaɓi itace mai tauri irin su kawo da maɗaci da madobiya. Fatar kuwa galibi ta saniya ce, ɗanya, ba a jeme ta ba, domin da sanda ake dukanta.

A da, babu ƙarfe a ɗaurin. Maɗauri yakan jiƙa ƙirgi har ya yi laushi, ya yanko bakuna biyu, ya huda gefensu, sannan ya tsaga ragowar ya murza kiri. Da wannan kirin yake ɗinke bakin sama da na ƙasa, yana kai da kawo a jikin kangon, ta yadda kowace fata ita ke jan 'yar'uwarta. Idan kiri ya bushe sai ya tsuke, ganga ta ɗau murya. Matsalar ita ce damina: da iska ta yi raɓa, kiri ya saki. Shi ya sa makaɗan jembe, waɗanda gangunansu suka fi bukatar tsauri, suke hura wuta a gefen fili suna gasa fata kafin wasa da tsakiyarsa.

Dandamalin wasa ne ya kawo sauyi. Fodeba Keita ya kafa ƙungiyar raye-raye ta Les Ballets Africains a Faransa, kuma bayan Gini ta samu 'yanci a 1958 gwamnatin Seku Ture ta mayar da ita ta ƙasa. Makaɗa irin su Famudu Konate suka yi ta zagaya duniya da ita, Mamadi Keita kuma da ƙungiyar Joliba. Ba wanda zai bar ka ka hura wuta a zauren wasan Turai. A shekarun 1970 sai aka fara maye kiri da igiyar nailan mai ƙarfi. Ita kuma ta zo da nata aibin, don tana jawuwa har ta yaga fatar daga inda aka huda. Maganin da aka samo shi ne zoben ƙarfe.

Haka ake yi har yau. Mai walda ya lanƙwasa rodi ya yi zobba biyu ga kowane baki. Ɗaya ana naɗe shi cikin jiƙaƙƙiyar fata, ɗayan a jera masa hantuna na igiya a ɗora a kai, ya danne fatar ba tare da huda ko ɗaya ba. Doguwar igiya guda ce ke ratsa hantunan sama da na ƙasa. Ana fara ja sannu a hankali, a bar fata ta yi kwanaki tana bushewa, sannan a zo da sanda a bi igiyar layi-layi ana tatse ta. Idan murya ta sauka daga baya, sai a saƙa ragowar igiyar a kwance, tana harɗe layuka biyu-biyu. Turawa na kiran wannan salo saƙar Mali.

Gwanaye ba sa ja wa dundunba igiya kamar jembe. Wanda ya matse ta fiye da kima ya kashe mata rugugin da masu rawar dundunba na yankin Hamana, wajen Kurusa, suke takawa a kai. Abin da ake nema shi ne tazarar murya tsakanin ukun ta fito sarai.

A birane irin su Bamako, har durom na ƙarfe ana rufewa da fata ya zama dunun, da zobba da igiya iri ɗaya da na kangon itace.