Yadda Kujeru 44 na Kano Suka Koma Bin Mai Gwamnati

Ranar Asabar 26 ga Oktoban 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano, kuma kafin gari ya waye hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ta sanar da cewa NNPP ta lashe kujerun ciyamomi 44 da na kansiloli 484, ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba. 'Yan APC, waɗanda suka ƙaurace wa zaɓen, suka ce wasan yara aka yi. Da gaskiyarsu. Sai dai a Janairun 2021 su ma 44 da 484 ɗin suka kwashe, lokacin PDP ce a waje tana kuka da irin wannan murya. Haka aka yi a 2018, haka aka yi a 2014. Jam'iyya ta sauya, jar hular Kwankwasiyya ta tafi ta dawo, amma lissafin bai motsa ba. To yaushe aka faro wannan, kuma me ya kawo shi?

Kafin a san wani abu wai shi ciyaman, mulkin ƙasa a hannun En'e yake: sarki da majalisarsa, sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa. Turawa sun tarar da tsarin, suka ɗaure shi da doka, suka buɗe masa baitulmali. Haraji da jangali su ne abincin En'e, kuma tana da 'yan dokarta da kotunan alƙalanta da gidan yarinta. A Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin gyara, a watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda rabin faɗanta da En'e ne. Aka fara sa zaɓaɓɓu a majalisun gunduma da na gari, amma wuƙa da nama ba su bar fada ba. Abin lura ɗaya a wannan zamani shi ne yadda aka raba Sarki Muhammadu Sanusi da sarauta a 1963: ta hanyar binciken kuɗin En'en Kano aka bi, wanda wani Bature mai suna Muffett ya jagoranta. Tun a lokacin gwamnatin sama ta gane cewa ta aljihu ake kama hukumar da ke ƙasa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, soja suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari, En'e ta zama suna kawai.

Ƙaramar hukuma irin wadda muka sani a yau haihuwar 1976 ce. Gwamnatin soja ta yi wa ƙasar tsari iri ɗaya, ƙananan hukumomi 301, Kano ta samu 20, har da yankin da ya zama Jigawa daga baya. A ƙarshen shekarar aka yi zaɓe ba tare da jam'iyya ba. Da farar hula suka karɓi mulki a 1979, sai gwamnoni suka rushe majalisun suka naɗa kantomomi, har jamhuriya ta biyu ta faɗi a ƙarshen 1983 ba a sake zaɓen ƙaramar hukuma ba. Wannan ya haɗa da Kano ta PRP, jam'iyyar talakawa. A nan ne kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, abin da talaka ya yi wa murna, kuma ya cancanci murna, domin an ci zalin mutane da sunan haraji ƙwarai. Amma akwai wani gefe da ba a cika faɗa ba. Daga ranar da ƙaramar hukuma ta daina cin abinci daga hannun mutanen ƙasarta, sai ta ɗaga kai tana kallon sama, inda kason wata-wata ke fitowa. Ciyaman da ba ya neman sisin kwabo a wajen manomin Ɓagwai ko ɗan kasuwar Wudil ba shi da dalilin jin tsoronsu.

Abin mamaki, zaɓukan ƙananan hukumomi da dattawa ke tunawa da daɗi na zamanin soja ne. Babangida ya yi na Disambar 1987 babu jam'iyya, sannan ya yi na 8 ga Disambar 1990 tsakanin SDP da NRC, wanda aka yi ƙato bayan ƙato, kowa ya tsaya a layin ɗan takararsa a ƙirga shi rana tsaka. Hukumar zaɓe ta ƙasa ce ta gudanar, gwamnan jiha kuwa soja ne, ba shi da ɗan takara a akwati. A shekarun ne aka ɗaga kason ƙananan hukumomi daga kashi 10 cikin ɗari zuwa 15, daga baya 20, ana kuma tura musu kai tsaye. Kano ƙasar SDP ce a lokacin, amma NRC ba ta mutu ba, har ma da tsohuwar rigimar PRP ta santsi da taɓo ta sake tashi a cikin SDP, Kabiru Gaya na NRC ya bi ta tsakiya ya zama gwamna a zaɓen 1991. Siyasa ke nan mai rai, wadda ba a san gawar fari ba sai an ƙirga. A zamanin Abacha aka cika ƙananan hukumomin Kano 44 a 1996. Zaɓen 5 ga Disambar 1998, wanda INEC ta gudanar a mulkin Abdulsalami, shi ne na ƙarshe da wata hukumar ƙasa ta yi wa ƙananan hukumomin jihohi. PDP ta yi rinjaye a Kano, APP ma ta samu nata.

Sai tsarin mulkin 1999 ya zo da abubuwa biyu da, a ganina, su ne tushen duk abin da muke gani. Na farko, ya ba kowace jiha hukumar zaɓenta, gwamna ne ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar jiha ta amince, gwamnatin jiha kuma ta ba ta kuɗin aiki. Na biyu, sashe na 162 ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha. Wato alƙalin wasa na gwamna ne, tukunyar ma a ɗakinsa take. Sashe na 7 ya ce dole a yi mulkin ƙaramar hukuma da zaɓaɓɓu, amma bai sa ranar zaɓe ba, ya bar wa majalisar jiha. Da wa'adin waɗanda aka zaɓa a 1998 ya ƙare a 2002, sai kantomomi suka dawo.

Ba a rana ɗaya aka kai ga cinye duka ba. A zaɓukan da aka yi zamanin Malam Ibrahim Shekarau, na 2004 da na Nuwamban 2007, ANPP ce ta ɗauki mafi yawa, amma ana fafatawa ta gaske, har ta wuce gona da iri: na 2007 ya zo da ƙone-ƙone da asarar rayuka. Wannan ba abin alfahari ba ne, sai dai yana nuna cewa a lokacin 'yan adawa na ganin akwai abin da za a iya ci. Bayan wa'adin waɗannan ya ƙare aka shafe shekaru babu zaɓe. Kwankwaso ya dawo mulki a 2011 a PDP, ya riƙe ƙananan hukumomi da jami'an riƙo, ya koma APC a Nuwamban 2013, sannan ya yi zaɓe a Mayun 2014. APC, jam'iyyar da ba ta cika shekara da rajista ba, ta cinye 44. A Fabrairun 2018, bayan Gwamna Ganduje ya raba gari da Kwankwasiyya, APC ta sake cinye 44, amma fa wata APC ce daban, ba ta masu jar hula ba. Zaɓen nan ne hotunan yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a suka karaɗe waya, har INEC ta kafa kwamitin bincike tana nanata cewa ba ita ta shirya zaɓen ba.

Akwai masu cewa ai halin Kanawa ne, siyasar Kano sai Kano, in suka bi mutum sai su bi shi gaba ɗaya. Wannan magana tana da daɗin faɗa a majalisar shayi, amma alƙaluma ba su goyi bayanta ba. A ɗauki 2019. Shekara ɗaya bayan APC ta cinye mazaɓu 484, Abba Kabir Yusuf na PDP ya shiga gaban Ganduje a zagayen farko na zaɓen gwamna, aka ce zaɓe bai kammala ba, aka koma zagaye na biyu a wurare irin su mazaɓar Gama ta ƙaramar hukumar Nasarawa, Ganduje ya ci da ratar da ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba cikin sama da miliyan biyu. Jihar da ta rabu biyu kusan daidai wa daida, ta yaya za a ce ko kansila ɗaya ɓangare guda ba zai iya ci ba a 2021? Haka a 2023: Abba, a ƙarƙashin NNPP, ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC, wanda shi kansa tsohon ciyaman ɗin Nasarawa ne tun zamanin ANPP, ya samu 890,705. Mutum dubu ɗari takwas da casa'in ba sa ɓacewa cikin wata goma sha tara.

Wasu kuma sukan ce laifin 'yan adawa ne da suke ƙaurace wa zaɓe. Gaskiya ne cewa wanda bai shiga ba ba zai ci ba. Amma ƙauracewa ɗiyar matsalar ce, ba uwarta ba. Wa zai sayar da gonarsa ya sayi fom, bayan KANSIEC ta sa naira miliyan 10 ga ɗan takarar ciyaman da miliyan 5 ga kansila a 2024 kafin kotu ta taka mata birki, alhali ya san wanda ya naɗa mai ƙirga ƙuri'ar? Ko da ya ci, kuɗin albashin ma'aikatansa ta hannun wanda ya kayar za su biyo. Shi ya sa takarar gaske ta tashi daga rumfar zaɓe ta koma gidan jagora, inda ake yin maslaha a fitar da suna. Duk wanda sunansa ya fito a takardar, ranar ake masa barka, ba ranar zaɓe ba.

Hujja mafi ƙarfi tana Abuja. Ƙananan hukumomi shida na babban birnin tarayya su kaɗai ne INEC ke yi wa zaɓe, domin can babu gwamna. A Fabrairun 2022 PDP ta ci uku, APC mai mulkin ƙasa ta ci uku. Ba wai mutanen Kuje da Bwari sun fi na Dawakin Tofa wayewa ba ne. Kaduna ma ta ɗan gwada: a 2018 da aka yi zaɓe da na'ura a zamanin El-Rufa'i, PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi, amma a Oktoban 2024 APC ta kwashe 23 ɗin duka. Abin da ya dogara da ganin damar mutum ɗaya yakan tafi tare da shi. Ba na cewa miƙa wa hukumar ƙasa zaɓe maganin komai ne. Hukumar ƙasa ce ta yi zaɓen Maris 1997 a zamanin Abacha, da jam'iyyu biyar da duk gwamnati ce ta haife su, kuma an san yadda aka yi.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. Wannan hukunci ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen yin zaɓe, Kano ma ta matso da nata daga ƙarshen Nuwamba zuwa Oktoba. Ana saura kwana huɗu babbar kotun tarayya a Kano ta ce shugaban KANSIEC, Farfesa Sani Lawan Malumfashi, da mambobinsa ba su cancanci riƙe muƙaman ba saboda alaƙarsu da NNPP, babbar kotun jiha kuma ta ce a ci gaba da zaɓe, aka ci gaba. Kotun Ƙoli ta taɓa tukunyar, ba ta taɓa alƙalin wasan ba, domin ba ta da ikon goge hukumomin zaɓen jihohi daga tsarin mulki. Wannan sai an yi gyaran tsarin mulki, gyaran kuwa ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, kuma da wuya a nuna majalisar jiha ɗaya a Najeriya da ke iya ɗaga hannu kan abin da gwamnanta bai so ba.