Jaket ɗin Hawa Babur: Yadda Za Ka Gane Daidai Jikinka da Inda Ake Samunsa a Suleja

 Duk wanda ya taɓa faɗuwa a kan babur ya san kwalta ba ta da tausayi. Hular kwano tana kare kai, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sanya ta. To amma kafaɗa fa? Gwiwar hannu da gadon baya fa? Nan ne aikin jaket yake. Sai dai jaket ɗin da bai dace da jikin mai shi ba, kusan ado ne kawai.

Mun ɗauki Suleja ne saboda a bakin hanya take. Mai zuwa gida daga Legas, Ibadan, Benin ko Anaca, in ya biyo ta Lokoja, sai ya ratsa Zuba da Madalla kafin ya miƙi hanyar Kaduna. Ga shi kuma tun da aka hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006, sana'ar ta fi ƙarfi a garuruwan gefe irin su Suleja, don haka kayan babur ba sa wuyar samu a yankin.

Jaket ɗin babur daban, na sanyi daban

Da yawa cikinmu abin da muke sawa rigar sanyi ce mai kumburi. Tana tare iska, amma da ta gogi kwalta sai ta yage. Jaket ɗin babur na gaskiya ana gane shi da abu uku. Na ɗaya, ana yin sa da fatar saniya mai kauri, wajen milimita 1.2 zuwa 1.4, ko da yadi mai ƙarfi irin Cordura. Na biyu, yana da matashi na musamman a kafaɗa da gwiwar hannu, wani har da baya. Na uku, ɗinkinsa riɓi biyu ne ko uku a wuraren da suka fi saurin ɓarkewa.

Ka leƙa cikinsa ka nemi tambarin CE. A kayan Turai, lamba EN 17092 ita ce ta jaket ɗin kansa, kuma tana da matakai: AAA ya fi ƙarfi, sai AA, sai A. Ga mai yawo a cikin gari, A ko AA ya wadatar. A jikin matashin kafaɗa da gwiwar hannu za ka ga EN 1621-1, na baya kuma EN 1621-2. Mai mataki na 2 ya fi mai mataki na 1 shanye bugu.

Yadda ake awo

Kada ka dogara da harafin M ko L ko XL, domin kowane kamfani da nasa lissafin. Sau tari XL na Cana bai wuce L ko ma M na Turai ba. Je wurin tela ya gwada ka da tef, kana sanye da irin rigar da ka saba hawa babur da ita. Wurare huɗu zai auna:

1. Ƙirji: a zagaya tef ta ƙarƙashin hammata, a inda ƙirji ya fi faɗi. Ka yi numfashi yadda ka saba, ban da kumbura ƙirji.
2. Ciki: daidai cibiya. Mai tumbi ya kula da wannan sosai.
3. Hannu: daga ƙashin kafaɗa zuwa wuyan hannu, hannun a ɗan lanƙwashe.
4. Tsawo: daga gindin wuya zuwa inda bel ɗin wando yake zama.

Awon ƙirji shi ne uban tafiya. Lambar Ingila da Amurka ita ce faɗin ƙirjinka a inci. Lambar Turai kuwa, irin ta Italiya da Jamus, sai ka ƙara goma a kai:

- Ƙirji inci 36, wajen santimita 91: lambar Turai 46
- Inci 38, santimita 97: lamba 48
- Inci 40, santimita 102: lamba 50
- Inci 42, santimita 107: lamba 52
- Inci 44, santimita 112: lamba 54
- Inci 46, santimita 117: lamba 56

In awonka ya faɗo tsakanin lamba biyu, ko cikinka ya fi ƙirjinka faɗi, ɗauki ta sama. Rubuta awon a takarda ko a waya, ka tafi kasuwa da shi.

Gwaji kafin biyan kuɗi

Awo jagora ne kawai, gani ya kori ji. Sa jaket ɗin, ja zif har wuya, sannan ka zauna a kan babur, ko a benci, ka miƙa hannu kamar ka riƙe kan mashin. A wannan zaman ake gane gaskiya, ba a tsaye gaban madubi ba.

Hannun rigar ya rufe wuyan hannunka, kada ya ja da baya. Bayanta ya rufe ƙugu, kada ya ɗage in ka sunkuya. Matashin gwiwar hannu ya zauna daram a kan gwiwar. Kama shi ka murɗa. In ya juya gefe cikin sauƙi, jaket ɗin ya yi maka yawa, kuma ranar da aka faɗi haka zai goce ya bar ƙashi a fili. Wuyan kada ya shaƙe ka in ka waiwaya. In tafin hannunka yana shiga tsakanin ƙirji da rigar ba tare da ta yi lafe-lafe ba, to an dace. Fata takan ɗan saki bayan an jima ana sawa, yadi kuwa yadda ka saye shi haka zai zauna.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: mai sa doguwar riga ko kaftani ya tattare ƙasanta, kada ya bar ta tana lilo kusa da sarƙa ko taya. Jaket ba ya maganin wannan.

Wanne ya dace da yanayinmu?

A Suleja, zafin Maris da Afrilu ba ya barin mutum ya jure fata mai nauyi, kuma jaket ɗin da aka rataye a ƙusa saboda zafi bai kare kowa ba. Mai raga-raga, wanda iska ke ratsawa amma yana da matashinsa, shi ya fi dacewa da ɗan acaba mai wuni a titi. In hunturu ya shigo, sai a sa rigar sanyi mara kauri a ciki. Ga 'yan uwa na Legas da Fatakwal, inda ruwa da laima suka yi yawa, fata tana saurin yin fumfuna. Yadi ya fi, a ɗora rigar ruwa a kai in hadari ya taso. Baƙi yana ɓoye mutum da dare, don haka a nemi mai layin ƙyalli, ko a ɗora rigar ƙungiya mai ƙyalli a sama.

Inda ake saye

A cikin Suleja, fara da Kasuwar IBB, wajen 'yan gwanjo. Yawancin jaket masu kyau daga dila suke fitowa, sai ka tambayi ranar da ake buɗe sabuwa ka yi sammako. Masu sayar da kayan babur da hular kwano a cikin gari su ma sukan ajiye sababbi, galibi 'yan Cana. In ba ka samu ba, ga Madalla da Zuba kusa, ga kuma kasuwannin Karmo da Nyanya a Abuja, waɗanda suka yi suna a gwanjo.

Wanda ba zai biyo ta nan ba, a Legas akwai Katanguwa ta wajen Abule Egba da kuma Yaba, a Aba akwai Ariyariya, a Kano kuwa Ƙofar Wambai. A intanet ana samu a Jiji da Jumia, amma ka nemi mai kaya ya shimfiɗa jaket ɗin ya auna daga hammata zuwa hammata ya turo hoto. Riɓi biyun wannan awo ya kamata ya ɗara ƙirjinka da ɗan kaɗan. Kuma kada ka tura kuɗi ga wanda ba ka sani ba kafin kaya su zo hannu.

Abin dubawa a gwanjo

Duba kafaɗa da gwiwar hannu. In akwai ƙurjewa mai zurfi, an taɓa faɗuwa da shi, bar shi. Ja ɗinki ka ga ko zare ya ruɓe. Ja zif sama da ƙasa sau uku. Zaro matashin ka matsa shi: in ya bushe ko yana marmashewa, ya gama aiki, sai an sake wani. Wasu jaket ɗin ma aljihun matashin kawai za ka tarar, babu komai a ciki. Sunaye irin su Alpinestars da Dainese kuma ana yawan kwaikwayonsu, saboda haka suna a ƙirji ba shaida ba ce. Fatar ƙarya tana warin roba, tana kuma saɓulewa in ka kankare ta da farce.

Farashi yana sauyawa da dala da kuma lokaci. Da hunturu ya matso, kayan sanyi sukan tashi. Zagaya shago uku ko huɗu kafin ka taya. Amma ka tuna, sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, kuma kwana ɗaya a asibitin ƙashi, ga babur a ajiye, ga iyali suna jira, ya fi kuɗin jaket ciwo.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa mu koma gida lafiya.