Rumbu a Yankin Malanville: Tarihinsa da Dalilan Rushe Shi

Rumbu ma'ajiyar hatsi ce da manoma ke ginawa da laka ko su saƙa da kara da zana, su ɗora shi bisa duwatsu ko itatuwa don kada danshi da ɓera su kai ga amfanin gona. A Toumboutou, ɗaya daga cikin yankunan ƙaramar hukumar Malanville a jihar Alibori ta Jamhuriyar Benin, Dendawa da Hausawa da Fulani sun daɗe suna cika shi da damman gero da dawa bayan kaka. Yawan rumbunan gida shi ke nuna ƙarfin maigida.

A zamanin mulkin Faransa rumbu ya shiga hannun hukuma. Bayan yunwar 1931 da ta addabi yammacin Nijar, a tsallaken kogin Neja, Turawa suka tilasta wa kowane gari ya ware hatsi a rumbun ajiya. Talakawa sun ɗauki abin a matsayin wani sabon haraji, tsarin kuma ya mutu da ƙarewar mulkin mallaka. A 1970 Nijar ta kafa hukumar abinci ta OPVN, ajiyar ƙasa ta koma manyan sito na siminti.

Rumbun gida kuwa, sannu a hankali ya yi ta raguwa. Na laka yana buƙatar yaɓe da sabuwar jinka. In gara ta ci gindinsa ko ƙwari suka yi gida a bango, rushewa ta fi gyara sauƙi. Ambaliyar kogin Neja, irin ta 2010 da 2013, ta jiƙa tushen gine-ginen laka a wannan kwari har suka zube. Farin 1973 da na 1984 sun bar rumbuna wayam, rumbun da babu hatsi kuma ba a kula da shi.

Yadda ake noma ma ya sauya. Shinkafa da masara da albasa da ake kaiwa kasuwar Malanville a buhu ake auna su, buhu kuma ɗaki yake so mai ƙofa da kwaɗo, musamman da sata ta yawaita. Daga 2007 buhun PICS mai hana iska shiga ya fara yaɗuwa a Afirka ta Yamma don adana wake. Haka nan idan gandu ya rabu, babban rumbu ya fi ƙarfin ƙaramin iyali, sai a rushe shi a gina ɗaki a filin.

Har yanzu ana samun rumbu a gidajen masu noman gero, domin zangarniya ta fi tsaba jure doguwar ajiya.